Kwaɗo Biyu

Ladidi ta warke.
Da wannan zan fara, kada a ce ban gode ba.
Ga ta can tana 'yar gala-gala a tsakar gida,
tabon ɗinki ya kwanta a gefen cibiyarta
kamar sawun tsutsa a kan laka.

Ni ne ban warke ba.

Daren da cikinta ya murɗe
na rungume ta a bayan babur ɗin Jibo,
muka ratsa Garwa tana barci.
Likita ya ce a yanka yanzu.
Mai taga ya ce a biya tukuna.
Tsakanin bakin nan biyu taku goma sha ɗaya ne,
na ƙirga, don sau bakwai na taka.

Safar hannu kuɗi, zare kuɗi,
ruwan da ke ɗiga cikin jijiya kuɗi,
gado ma, kana kwance yana lissafi.
Jaka ɗari da tamanin.
Ni da nake fere nama har rana ta leƙo ta cikinsa,
in shanya, in jira ribar dala-dala,
ban taɓa riƙe wuƙa mai kaifin alƙalamin nan ba.

Keken ɗinkin Uwani ya fara fita.
Maza biyu suka ɗauka, ita ta juya baya
tana gyara murhun da babu wuta a ciki.
Sai tunkiya da cikinta.
Sai gadajen shanya kilishi, huɗu cikin shida.
Cikon na karɓo wajen Mairiga,
mai ba ka goma da murmushi
ya karɓi sha uku babu shi.

Tun daga nan, in an yi sallama
takalmi nake saurara kafin in amsa.

Gwaggo Delu ce ta ta da maganar
ranar suna a gidan Hammadu, ana rabon goro:
"Gawa muna yi mata karo-karo har da shinkafa.
Mai rai kuwa sai ya sayar da shimfiɗarsa?"
Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.
Ta dire gwangwanin madara a tsakiyar tabarma,
ta jefa dala arba'in,
ya yi ƙara irin ta abin da babu komai a ciki.

Gida ashirin da uku, kowace Juma'a.
Ba na biki ba ne, ba na ragon layya ba,
sai mai takardar asibiti a hannu.
Da damina ɗan Bappa Sali ya faɗo daga mangwaro,
gwangwani ya kai shi, ya dawo da shi,
akuyarsu tana nan tana cin dusarta.
Gwangwani ya girma ya zama akwati.

Ni aka ba ajiya.
Wai wanda ya taɓa ƙonewa ba ya wasa da garwashi.

Jiya Mairiga ya zo da kansa.
Ya zauna kan turmi yana kaɗa mabuɗin mota.
Saura jaka arba'in yake bi na.
Ƙarƙashin gadona akwai sittin da ɗaya,
bango ɗaya tsakaninmu,
kuma wallahi ina jin numfashinsu.
Ladidi ta kawo masa ruwa a moɗa.
Ya sha, ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Bayan lisha na saɓa akwatin a kafaɗa
na buga ƙofar Gwaggo Delu.
Na ce, "A sa masa kwaɗo biyu,
ki riƙe mabuɗi ɗaya."
Ta haska fuskata da tocila, ta daɗe,
ba ta tambaye ni komai ba.
Ta ce in gaida Uwani.

Na dawo ta bakin Binuwai, kafaɗa sakayau,
masunta na jan koma a cikin duhu.
Bashi na nan inda na bar shi, kan turmi.
Gobe Juma'a.
Sai na nemo dala arba'in kafin a sauko.